Kaka da Girbi a Ƙasar Kadawa: Daga Damin Dawa Zuwa Kwandon Tumatir

Duk almajirin da ya yi nisa a karatun zaure a ƙasar Kano har ya kai ga littafin Risala, ya san hukuncin zakkar zaitun tun bai taɓa ganin itacen ba. Dalili kuwa shi ne, mawallafin littafin, Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 996, mutumin Ƙairawan ne a ƙasar Tunisiya, inda zaitun yake cikin manyan dukiyoyin manomi. Saboda haka da ya zo babin zakka sai ya bayyana cewa idan 'ya'yan zaitun suka kai nisabi, watau wusuƙi biyar, daga mansu ake fitar da hakkin Allah. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna karantar da wannan babi, suna bin sa kalma kalma, alhali kuwa gero da dawa ne a rumbunansu.

A waɗancan ƙasashe na gaɓar Bahar Rum, kamar su Falasɗinu da Tunisiya da Maroko da Girka da Sifen, ana tsinkar zaitun daga watan Oktoba zuwa Disamba, wani wuri ma har cikin Janairu. Akan shimfiɗa mayafai a gindin itace, a kakkaɓe 'ya'yan da dogayen sanduna ko a tsinke da hannu, sa'an nan a garzaya da su wurin matsa kafin su lalace. Gida duka yakan fita, yaro da babba, mace da namiji, kuma wanda yake aiki a birni yakan komo ƙauye domin kwanakin. Suna da aikin taimakon juna irin gayya, wanda Falasɗinawa ke kira auna, mutanen Magrib kuwa tawiza. Itacen yana daɗewa kafin ya fara 'ya'ya sosai, amma idan ya kafu yakan rayu ɗaruruwan shekaru, don haka abin da mutum yake tsinka kakansa ne ya dasa. Wannan shi ya sa a Falasɗinu sare wa mutum zaitun ya wuce ɓarnar dukiya, ya zama tuge shi daga ƙasarsa.

Zaitun ba amfanin gonar ƙasar Hausa ba ne, amma abin da lokacin tsinkarsa yake yi wa waɗancan mutane, kaka ce take yi wa Bahaushe. Ita ce take raba shekara, ita ce take faɗa wa kowa ranar biyan bashi da ranar ɗaurin aure da ranar tafiya. Ba kuwa inda za a ga ƙarfin wannan tsari kamar ƙasar Kadawa, watau yankin nan na Kura da Bunkure da Garun Malam, kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya. A can ne hukuma ta zo da gangan, cikin 'yan shekaru kaɗan, ta ƙara wa shekara girbi na biyu, sai duk abin da yake rataye a jikin kaka ya motsa.

Kafin a kawo ruwan Tiga, manomin wannan yanki yana da damina ɗaya, daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Ba ya shuka abu guda a gona. Gero da dawa da wake sukan zauna a gona ɗaya, kowanne da ranar nunarsa, don haka kaka ba ta zuwa rana ɗaya, hawa hawa take. Gero ne ke fara isowa, tun ana tsakiyar ruwa, a daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare a gidaje da yawa. Wanda bai san zafin wannan tsakani ba, ba zai gane murnar da yara ke yi da tumu ba, watau ɗanyen gero da akan gasa a murtsuke a ci. Tumu shi ne shaidar farko cewa gidan ya tsallake yunwar bana. Bayan gero sai cirar gyaɗa, sai maiwa, sai roron wake, wanda galibi aikin mata da yara ne. Dawa ce auta. Ita ba ta nuna sai ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, cikin Nuwamba har zuwa Disamba. Sai an kwantar da karanta, an yanke zangarniya, an ɗaure dami dami an kai gida, sa'an nan ake cewa kaka ta cika.

Dami shi ne ma'aunin arzikin ƙauye. Ba a tambayar manomi eka nawa ya noma, dami nawa ya ɗaure ake tambaya. Sarautar Sarkin Noma ma a wurare da yawa na ƙasar Hausa a kan wannan ta ginu, gama wanda ya iya ɗaure dami dubu shi ne ya cancanci a yi masa biki, shi kuma ya rabar da hatsi ga jama'a domin ya tabbatar da sunan. Hatsin gandu yana shiga rumbun maigida, shi kaɗai ke da ikon buɗewa, kuma maigida mai hankali yakan rufe babban rumbu ya hana taɓawa sai damina ta gaba, lokacin da ake bukatar ƙarfi domin noma. Abin da ɗa ko ƙane ya samu a gayaunarsa nasa ne. Da kaka ne kuma ake gane ko gandu zai ɗore ko zai watse, domin saurayin da ya yi wa mahaifinsa noma shekara da shekaru yana sauraron a biya masa haraji a kuma yi masa aure daga wannan hatsi.

Abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya tsaya a kansa shi ne yawan hannuwan da ke da rabo a cikin girbin mutum ɗaya. Tun a gona ake ware zakka, dami ɗaya cikin goma. Suratul An'am ta ambaci zaitun da rumman da dabino a cikin ayar da ta yi umurni da bayar da hakkin amfanin gona ranar girbinsa, kuma manomin Kano ya ɗauki umurnin a kan gero da dawarsa. Bayan zakka akwai damin malami, da na wanzamin gida wanda ya yi aski da ƙaho da kaciya shekara guda ba a biya shi ba, da na maƙerin da ya gyara fartanya da garma, da na makaɗin da ya yi kiɗa ranar gayya. Sa'an nan akwai kala. Idan mai gona ya kwashe, tsofaffin mata da marayu da duk wanda ba shi da gona sukan bi bayansa su tsince abin da ya zube, musamman a gonar gyaɗa, ba mai hana su. Daga ƙarshe Fulani su shigo da shanu su ci kara da ganye, su bar wa gona taki. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a takarda ba in ban da zakka, amma wanda ya tauye su ya san abin da gari zai ce da shi.

Akwai kuma masu rabon da manomi ba ya murnar ganinsu. Wanda ya ci bashin hatsi cikin damina, da kaka zai biya, sau da yawa fiye da abin da ya karɓa, a lokacin da hatsi ya fi araha. Hukuma ita ma ta san kaka. A zamanin sarakunan Fulani akwai kuɗin ƙasa, da kuɗin rafi a kan masu noman lambu, da kuɗin karofi a kan marina. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai suka bi sannu suka haɗe waɗannan kuɗaɗe suka mai da su haraji guda da ake biya da tsabar kuɗi, kuma dagatai da masu unguwanni da kaka suke fitowa karɓa. Haka aka yi ta yi har 1979, sa'ad da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Idan hatsi ya shiga rumbu sai gari ya sake fuska. Samari da 'yan mata su yi kalankuwa, 'yan dambe da 'yan kokawa su bi ƙauyuka da makaɗansu, a yi ta ɗaurin aure. Bayan haka gona ta rufe har wata biyar ko shida. Kuskure ne a ɗauka cewa waɗannan watanni zaman banza ne, ko da yake takardun masu tsara ayyukan raya ƙasa sun so su nuna haka. Garin Kura ya yi suna a ƙarni na 19 wajen rini da bugu, har baƙin rawani mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa ake kiransa ɗan Kura, ana kai shi Agadas da bayanta. Masaƙa da marina da mabuga da fataken da suka riƙe wannan ciniki galibinsu manoma ne, rani ne ya ba su hannu. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yaba da yadda noma da sana'ar tufafi suke tafiya tare a cikin gidajen talakawa. Wanda ba shi da sana'a ya tafi cin rani, ya rage wa rumbu baki ɗaya. Malami kuma ya ɗebi almajiransa ya yi gabas.

Canji na farko da ya taɓa kaka a wannan ƙasa gyaɗa ce ta kawo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 manoma suka juya ga gyaɗa, maimakon audugar da Turawa suka sa rai. Gyaɗa kuwa ita ce ta fi kusa da matsayin zaitun a cikin tukunyar Bahaushe: mata ne ke soya ta, su daka, su matse mai, su toya ƙuli-ƙuli, kuma da wannan sana'a matan kulle da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Amma gyaɗar da aka tara a dalar Kano ta Turai ce. Tun daga lokacin kaka ta sami ma'ana ta biyu, ta zama lokacin sikeli da 'yan baranda da kuɗi a hannu. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da ita da sunan Kakalaba, ta zo a farkon wannan ciniki, ta tuna wa mutane cewa ba a tuƙa tuwo da kuɗi idan babu hatsi a kasuwa. Duk da haka gyaɗa ba ta rushe tsarin shekara ba, gama da damina ake shuka ta, da kaka ake cire ta. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta auka mata a 1975 su suka karya cinikinta.

A daidai waɗannan shekaru ne aka kafa aikin noman rani na Kogin Kano. Gwamnatin Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta fara da ƙaramar madatsar Bagauda, wadda ta ba gonakin gwaji na Kadawa ruwa, sa'an nan ta gina madatsar Tiga da aka gama a 1974. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya yi zanen aikin, an kuma nufi shayar da hekta 22,000 a kashi na farko. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar binciken noman rani a Kadawa. Ruwan yana gangarowa da kansa daga Tiga ta babbar magudana, ba a bukatar inji ya ɗaga shi, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Noman rani dai ba baƙo ba ne a ƙasar, domin tun da can ana noman alkama da albasa a fadamu da jigo, ana yin alkaki da gurasa da taliya. Abin da yake sabo shi ne girman aikin, da kuma cewa ranar sakin ruwa da ranar shuka a ofis ake yanke su.

Kafin ruwa ya gudana sai an baje ƙasa. Katafiloli suka shiga gonaki suka share iyakoki, aka auna aka sake raba wa masu su, aka rage wani kashi domin hanyoyi da magudanai. A cikin wannan shara aka tuge itatuwa masu yawa, ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya. Su ne fa zaitun na wannan ƙasa, idan ana maganar itacen da ake gada. Ɗorawa guda tana iya ba gida kalwar daddawa shekara da shekaru, kaɗanya ta ba da man kaɗe, kuka ta ba da miya. Diyyar da ake biya sau ɗaya ce, amfanin itacen kuwa na kowace shekara ne, kuma galibinsa a hannun mata yake. Dubban mutane kuma aka tayar daga garuruwansu a inda tafkin Tiga ya kwanta.

Babbar rigimar, duk da haka, tsakanin alkama da dawa ta tashi. Alkama tana son sanyi. Idan ba a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris zai riske ta tana fitar da kai, amfani ya ragu ƙwarai. To, a wannan lokaci dawa tana tsaye a gona ba ta gama nuna ba. Ma'aikatan aikin suka ga cewa dawa ce ke hana tarakta shiga, saboda haka suka matsa wa manoma su bar ta, su shuka masara ko wani abu mai saurin nuna da damina. A lissafin ofis wannan daidai ne. A lissafin maigida kuwa ana ce masa ne ya bar abin da ke cika rumbu, ya ba da tuwo, ya ba da karan danni da na jinka da na girki da abincin dabba, ya kama abin da sai an sayi iri da takin zamani, an biya kuɗin tarakta da kuɗin ruwa, sa'an nan a sayar a sayo abinci. Manoma da yawa suka ƙi, aka yi ta kiransu masu taurin kai. Binciken da Tina Wallace ta yi a yankin a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa ƙin nasu yana da hujja, kuma ƙananan manoma da suka kasa ɗaukar kuɗin noman alkama sukan ba da hayar gonakinsu da rani ga masu hali, cikinsu har da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga birni. Wannan magana ta shafi ma'aikata kai tsaye, ko da ba su so jin ta ba.

Alkamar kanta ba ta tsaya da ƙafarta ba. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a littafinsu na 1985 a kan alkama da burodi a Nijeriya, sun nuna cewa abin da manyan ayyukan noman rani suke samarwa ɗan kaɗan ne a kan abin da ake shigowa da shi daga Amurka, kuma da tsada ake samar da shi. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 farashi ya tashi, gonakin Kadawa suka cika da ita. Da aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990 sai ta ja baya. Manomin da kakansa yake duban sama da taurari domin sanin ranar shuka, ya zama yana sauraron jawabin kasafin kuɗi a rediyo. A hankali shinkafa ta mamaye damina a cikin filin ruwa, Kura ta zama garin turara shinkafa da injinan casa, tumatir da albasa da masara kuma suka raba rani da alkama.

Ba daidai ba ne a ce an yi hasara kawai. Kuɗi sun shigo yankin irin waɗanda gero da dawa ba su taɓa kawowa ba. Ƙasar da a dā samarinta ke fita cin rani ta zama inda 'yan cin rani ke zuwa. Cecile Jackson, wadda ta yi nazarin matan yankin a littafinta na 1985, ta ga cewa matan kulle sun sami kasuwar sayar da abinci ga 'yan ƙwadago, yayin da matan Maguzawa, masu noma da hannunsu, suka fi jin raɗaɗin raguwar dawa da ƙaruwar aiki a gonakin mazajensu. Amma gayya ta ja baya. Aikin da dole a gama shi cikin kwanaki ƙididdigaggu, a lokacin da kowane maƙwabci yake cikin irin wannan gaggawa, ba ya jiran a dafa tuwo a kira makaɗi, sai dai a biya lada. Saurayin da yake iya samun kuɗin aurensa daga yankan alkama da tsinkar tumatir ba shi da dalilin jiran rumbun mahaifinsa. Bafulatani kuma da ya saba shigo da shanu bayan kaka ya tarar da gona kore shar, magudana ta tare burtali.

Ko zakka ma sabon girbin ya taɓa ta. Fiƙihu ya raba tsakanin abin da ruwan sama ko kogi ya shayar, wanda ake fitar wa ɗaya cikin goma, da abin da aka shayar da wahala, wanda ake fitar wa ɗaya cikin ashirin. Manomin Kadawa yana tsakani: ruwan da kansa yake gangarowa, amma ana biyan kuɗinsa, wani kuma sai ya sa injin ban ruwa kafin ya kai gonarsa. Alkama da shinkafa dai suna cikin abin da ake yi wa zakka. Tumatir kuwa, a mazhabar Malikiyya, yana cikin kayan lambu da ba a fitar wa zakkar amfanin gona. Watau amfanin da ya fi kowanne kawo kuɗi da rani ba shi da dami na goma. Abin da miskini zai samu daga gare shi ya rataya ga kyautar mai gona, ko ga zakkar kuɗi idan sun kai nisabi sun kuma shekara a hannu, abin da ba kasafai yake faruwa ga ƙaramin manomi ba.

Tumatir kuma ba ya shiga rumbu. Dawa tana iya shekara biyu ko uku a rufe, mai ita ya zaɓi ranar sayarwa. Tumatir idan ya nuna sai a tsinke, idan an tsinke sai a sayar, kuma na kowa lokaci ɗaya yake nuna. A kasuwar Kwanar Gafan ake loda kwanduna a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu, kuma a tsakiyar kakarsa, cikin Fabrairu da Maris, farashi yakan faɗi har ya kasa biyan kuɗin kwando da na tsinka. An sa rai masana'antar tumatirin gwangwani da kamfanin Dangote ya buɗe a Kadawa a 2016 za ta tsayar da farashi, sai ga shi a wannan shekara tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, masana'antar ta rasa abin sarrafawa ta dakata. A shekarun da amfani ya yi yawa kuwa, abin da manoma suka dogara da shi shi ne tsohuwar dabarar kauɗa: a tsaga tumatir biyu a shanya a rana, a ɗura a buhu a ajiye zuwa damina. Mai bin hanyar Kano zuwa Zariya a ƙarshen rani yakan ga filaye sun yi ja wur da shi a gefen titi, mata da yara suna tsugune suna yanka.